Kamu Biyu, Amma Kamun Wa?

Wata rana, Alhamis ce bayan azahar, son sani ya ja ƙafata zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa.

Kun san gilashin roba? Wanda 'yan boko ke cewa akirilik. Garau yake kamar gilashi, amma in ya faɗi ba ya tarwatsewa. Na ga wata a waya ta haɗa ɗan akwatin jera kwalaben humra da shi, na ce ni ma sai na yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaya ake yanka shi?

Almakashi ba ya ci. Na gwada wuƙar yanka naman Mama a wani ɗan guntu. Kada ku tambaye ni yadda muka kwashe da Mama.

Sai aka nuna mini shagon wani mai yanka, Malam Tanimu. Dogo ne, fensir a bayan kunne, maganarsa ɗaya-ɗaya kamar mai tsoron kada ta ƙare.

Na gaishe shi, na ce, "Malam, ni fa kafin ka yanka mini, so nake in ga yadda ake yi."

Ya ce, "Zauna."

Shi ke nan. Hirarmu ta ƙare.

Ina zaune a benci sai ga wani dattijo ya shigo da sallama. Farin gemu, babbar riga da ta sha wanki har ta gaji, ga wani abu a hammatarsa naɗe cikin buhu.

Bai jira an gama gaisawa ba ya kwance buhun a kan tebur.

Gilashin roba ne, ya tsage tun daga kusurwa har tsakiya, tsagin ya yi rassa kamar walƙiya.

Yanzu ku karanta mini wannan da muryar mutumin da ya saba kiran shanu daga nesa:

"An ce mini abin nan BA YA FASHEWA!"

Malam Tanimu ya shafa bakin tsagin da yatsa.

"Zarto ka sa masa, Baba."

"To da haƙori zan sa?"

Na danne dariyata da bakin mayafi. A zuciyata na riga na fara haddace muryar, don in kai wa mutanen gida tsaraba.

Malam Tanimu ya ce, "Zarton katako haƙoransa manya ne. Fizga yake yi. Shi kuwa wannan ba ya son fizga. Me ya sa ka yanka?"

"Ya yi wa tagar yawa. Na ce bari in rage."

Ni fa kun san ni. In ana labari a gabana, bakina ba ya iya zaman benci.

Na ce, "Baba, sannunku. Tagar ina ce?"

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, kamar yana auna ko na isa a ba ni amsa. Sai ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya sauke murya.

Tagar ɗakin matarsa ce, can wani ƙauye bayan Gezawa.

Shekara uku ke nan ƙafarta ɗaya ta daina ɗaukarta. Gadonta yana jikin tagar, ta nan take ganin tsakar gida. Ruwan farko na bana ya zo da iska, iskar ta buga tagar, gilashin ya zubo mata a kan gado. Allah ya tsare, bai yanke ta ba.

Tun ranar ya rantse gilashi ba zai sake kwana a kanta ba.

Ya toshe wurin da kwali. Duk ruwan da aka yi, kwalin ya jiƙe, feshi ya shigo. Tari ya kama ta.

"Sai ita ta Zariya ta zo," in ji shi.

'Yar farinsu yake nufi. Kun san iyayenmu, ko da wuƙa a wuya ba za su kama sunan ɗan fari ba.

"Ta ga kwali, ta ji tari. Ta ce gobe Juma'a za ta dawo da mota. In ta tarar da tagar nan haka, za ta ɗauki uwarta ta tafi da ita."

Na ce, "To ai Baba, can ma za ta samu kulawa."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Shekara arba'in da shida. Ko haihuwa a ɗakin nan ta yi ta, ban da ta fari. Ta ce in aka fitar da ita, ta san ba dawowa za ta yi ba. Ni kuma ba zan iya barin gona da dabbobi in bi ta gidan suruki ba."

Muryar da nake haddacewa ta zube mini daga ka.

Malam Tanimu ya shiga ciki, ya daɗe yana ture-ture, ya fito da falle ɗaya, lulluɓe da shuɗiyar leda gaba da baya.

"Shi kaɗai ya rage mai wannan kaurin. Sauran sai mako mai zuwa. In aka ɓata shi, shi ke nan. Ina awon?"

Baba ya gyara zama, ya faɗa da alfahari:

"Kamu biyu a kwance, kamu ɗaya da rabi a tsaye."

Ga 'yan zamani da ba su sani ba: kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa. Da shi kakanninmu suke auna yadi.

Malam Tanimu ya ciro fensir daga kunne, ya riƙe, bai rubuta komai ba.

"Wancan na farko, wa ya yanka maka?"

"Wani ne a kasuwarmu. Na faɗa masa awo, ya ɗora hannu ya auna a gabana. Kamu biyu cif. Ban ga ha'inci ba."

"Dogo ne?"

"Zanƙalele. Ya ma fi ka."

"Tagar fa, wa ya auna?"

"Mai ɗakin. Ita ke kusa da ita."

Malam Tanimu ya mayar da fensir kunne.

"To Baba, kamun wa?"

Jama'a, na ga fuskar dattijon nan tana sauyawa a hankali, kamar yadda gari ke wayewa. Ya dubi hannunsa. Ya dubi hannun Malam Tanimu. Ya dubi fasasshen gilashin.

"Innalillahi. Ashe ba gilashin ne ya yi yawa ba. Mutumin ne ya yi yawa."

Wannan karon ban iya dannewa ba. Har Malam Tanimu sai da gefen bakinsa ya motsa, abin da maƙwabtansa suka ce ba a gani sai shekara-shekara.

Ya ce, "Ka koma ka auno da zare. Ka ƙulla a inda ya tsaya."

"Mota biyu nake hawa. Kafin in je in dawo kun rufe. Gobe kuma ita ta Zariya sammako take yi, halin uwarta ta ɗauko."

Na ce, "Baba, ba a kira gida a sa wani ya auna da tef?"

Ya ce wayar ɗaya ce, ya bar wa mai ɗakin. Sai ya cire hula, ya zaro wata 'yar takarda daga cikin naɗin, ya miƙo mini. Lamba ce, an rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Na kira, na sa a amsa-kuwwa.

Wannan kuma ku karanta da siririyar murya mai kaifi, irin ta tsohuwar da ba a taɓa cin ta a ciniki ba:

"Wa ke nan?"

"Inna, ina wuni? Ina tare da Baba ne a kasuwa."

"Malam? Me ya kuma fasawa?"

Baba ya matso da baki kusa da wayar kamar zai cinye ta. "Ba abin da na fasa! Awo ake tambaya!"

"Ka daina ihu, ƙafa ce ta mutu, ba kunne ba. Kamu biyu, ɗaya da rabi. Sau nawa zan faɗa?"

Na ce, "Inna, babu mai tef a kusa? Ko tela?"

"Tela ya tafi cin kasuwa, sai magariba. Kuma tef ɗin me? Ke yarinya, shekara talatin ina sayar da yadi a cikin gidan nan da hannun nan. Amare nawa na auna wa? Ba wadda ta taɓa dawo mini da ƙorafi."

Malam Tanimu ya sunkuyo.

"Inna, hannunki daidai yake. Sai dai hannun yana can, gilashin yana nan."

"To in ciro in aiko muku a mota?"

Wani mai sayar da ƙusa da ya leƙo jin gulma sai da ya dafa bango.

Malam Tanimu ya yi ɗan tunani, ya dube ni.

"Hannun mace dai. Ko za mu gwada naki?"

Inna ta ji. "Ke, doguwa ce ko gajera?"

Na ce, "Tsaka-tsaki, Inna."

"Duk gajeru haka suke cewa."

Allah ya isa tsakanina da tsohuwar nan, ina son ta.

Na tashi na ɗora hannuna a kan tebur, daga gwiwa zuwa yatsa. Malam Tanimu ya sa fensir ya ɗiga alama nan da can, na janye.

Baba bai matso ba. Daga inda yake ya kalli alamun biyu, ya girgiza kai.

"Ya fi nata. Da kamar yatsa biyu."

Malam Tanimu ya ajiye fensir a tebur. Karon farko da na ji ya jera magana mai tsawo.

"Baba, falle ɗaya ne. In na yanka ya yi yawa, ka ga abin da zarto ya yi maka. In ya yi kaɗan da yawa, ruwa zai shiga. Ba a yanka wannan da 'kamar'. Ta yaya ka san tsawon hannunta?"

Dattijon ya naɗe hannun rigarsa a hankali. Ya kwantar da hannunsa na dama a kan tebur. A bayan hannun, daf da gindin yatsu, akwai wani tsohon tabo fari, irin na lauje.

Ya ɗora yatsa a kan tabon.

"Nan yake tsayawa."

"Me?"

"Hannunta. Shekara uku, sau biyar kullum, ni nake kai ta alwala. Tana ɗora hannunta a kan nawa, gwiwa a kan gwiwa. Dogon yatsanta a kan tabon nan yake sauka. Bai taɓa wucewa ba, bai taɓa gazawa ba."

Duk muka zuba wa tabon ido.

Na duba wayar, ko ta katse.

Can sai siririyar muryar ta fito, amma kaifin ya tafi:

"Malam. A tsakiyar kasuwa kake faɗin wannan?"

Ƙit. Ta kashe.

Mai ƙusa ya juya ya koma shagonsa. Ni kuwa wani abu ya faɗa mini a ido. Ƙurar kasuwa ce, kada wanda ya yi mini wata fassara.

Malam Tanimu ya ɗauko zare. Ya kafa bakinsa a gwiwar hannun Baba, ya ja zuwa tabon, ya ƙulla. Ya sake aunawa. Ya kuma sakewa. Sannan ya shimfiɗa zaren a jikin tef, ya rubuta lamba a bango. Ya ninka zaren biyu, ya sami rabin kamu.

To, ga abin da ya kawo ni kasuwa. Na miƙe tsaye har ina leƙe ta kafaɗarsa.

Bai ɓare shuɗiyar ledar ba. A kanta ya ja layi.

Na ce, "Malam, ba za ka cire ledar ba?"

"Rigarsa ce. Sai an gama aiki ake tuɓe masa. In ba haka ba, duk ya karce."

Na lura ya ja layin ya ɗan shigo ciki kaɗan daga awon, bai kai faɗin ƙwayar masara ba.

"Wannan fa?"

"Yana kumbura in ya sha rana. A bar masa wurin numfashi. Siririn katakon da za a buga a gefe zai rufe."

Ya ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan layin, ya ce Baba ya danne ƙarshenta. Ya ɗauko wata 'yar wuƙa mai baki kamar ƙugiya.

Na zaci zai danna da ƙarfi ya raba shi biyu.

Ina!

A hankali ya ja. Ƙiiiii. Wani siririn zare na roba ya nannaɗo daga bakin wuƙar.

Ya koma farko. Ƙiiiii.

Ya kuma komawa.

Ina ƙirgawa a zuci. Biyar. Takwas. Baba ya fara motsa ƙafa.

"Ɗana, ba ka ci abinci ba ne? Danna mana!"

"Dannawar ce ta kawo ka nan, Baba."

Baba ya daina motsa ƙafa.

Sai da ya ja sau goma sha biyu. Bai huda ba, hanya kawai ya yi, 'yar ƙaramar kwata a jikin fallen. Ya juya bayan, ya ja sau uku a daidai wurin.

Sannan ya turo fallen har layin ya zo daidai bakin tebur, ragowar tana lilo a iska. Ya ɗora katako a sama ya danne da hannun hagu. Ya kafa tafin dama a kan ɓangaren da ke lilo.

Baba ya runtse ido. Ina jin yana jan "Hasbunallahu" ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa na ƙura ido. Falle ɗaya. Mota gobe da safe.

"Bismillah."

Ƙas!

Ƙara ɗaya, kamar an karya rake.

Baba ya buɗe ido ɗaya.

Bakin ya fita santal, miƙe kamar an ja shi da zare. Ko ɗan tsagi babu.

"Allahu akbar! Ba zarto, ba komai?"

"Hanya ake nuna masa. In ya ga hanya, da kansa yake rabuwa."

Aka juya, aka yi ɗaya gefen. Ƙiiiii, ƙiiiii, ƙas. Ya goge bakin da takardar yashi don kada ya yanki hannu. Ya hana Baba buga ƙusa a jikin robar, ya ce a katakon gefe kawai. Ya sa shi ya maimaita sau biyu kamar mai biya karatu.

Aka naɗe a kwali, aka ɗaure. Baba ya rungume shi a ƙirji, ya sa mana albarka har sai da muka gaji da amin, ya fita yana ce wa masu baro, "Hattara! Hattara!" tun suna nesa.

Sai da na hau adaidaita sahu na tuna ban yanki nawa ba.

Ranar Juma'a na wuni da abin a raina. Ya shiga? Bai shiga ba? Idan tabon ya yi ƙarya fa? Idan Inna da ta auna tagar ta ɗan karkace hannu fa? Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau goma. Kunya ta hana ni, kada a ce yarinyar kasuwa ta cika shisshigi.

Asabar da hantsi shisshigi ya ci kunya da yaƙi. Na kira.

"Wa ke nan?"

"Inna, ni ce. Tsaka-tsaki."

"Au, gajeriya! Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Inna, a Zariya kuke ko a gida?"

"Me zan yi a Zariya?"

Na saki ajiyar zuciya har Mama ta leƙo daga kicin.

Ta ce gilashin ya zauna ɗaram kamar a jikin tagar aka haife shi. 'Yar tasu ta iso tun rana ba ta yi zafi ba, da mota, har da bargo a kujerar baya. Ta shiga ɗaki ta tsaya tana kallon tagar. Ta ƙwanƙwasa. Ta tura da hannu. Ba ta yarda ba, ta fita waje ta cika buta, ta sheƙa wa tagar ruwa. Buta uku.

"Ko ɗigo bai shigo ba. Ina kwance ina kallonta ta ciki, tana ta fama kamar mai wankin mota. Da ta gaji ta shigo ta ce, 'To, sai dai a ci gaba da shan maganin tarin.' Ta ci tuwo, ta tafi da bargonta."

Na ce, "Alhamdulillahi! Inna, yanzu sai kallon tsakar gida."

"Wace tsakar gida? Ke dai bari, 'yar nan. Matsala sabuwa ta taso."

Na ce, "Ya tsage?"

"Ina fa. Malam ne. Tun jiya ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gaban tagar, wai yana duba ko katakon ya kama. Duk sanda na ɗaga kai, gemu nake gani. Ni kazata nake son gani, ta yi ƙyanƙyasa!"

Daga nesa na jiyo muryar mai kiran shanu: "Da wa kike magana?"

"Da wadda za ta zo ta ɗauke ka! Matsa, ka tare mini haske!"

Ban ji ƙarar jan kujera ba.

Darasi:

Kafin ka yanke, tambayi kamun wa. Sau da yawa wanda ya faɗa maka magana gaskiya ya faɗa, kai ma da ka auna ba ka yi ha'inci ba, hannuwan ne ba ɗaya ba. Kuma ba za ka san awon mutum daga nesa ba. Wanda ya ɗauki nauyinsa kullum, shi ya san inda hannunsa yake tsayawa.

In akwai wanda ya san naka awon ba tare da tef ba, tura masa wannan. In kuma kai ne zanƙalelen da ke auna kowa da hannunsa, tura wa mutum uku, mu ma mu huta.